ZARE: Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne. To ina shekarun tafiyar suka shiga?

1/ Jama'a, yau tarihi za mu taɓa. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 a miƙe. Jirgi na cinye su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Kakanninmu na Rano da Kibiya kuwa, wannan tafiyar shekaru take ci musu. Ni a ganina shekarun nan ba ɓacewa suka yi ba, wuri suka canza. Ku biyo ni a hankali, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Bari mu fara da lambar kanta. In ka tambayi Google nisan Kano da Jidda, za ka iya ganin amsa uku: 3,400, ko 2,100, ko 1,850. Kar ka ce wani ya yi ƙarya. Ta farko kilomita ce, ta biyu mil ne irin na mota, ta uku mil ne na matuƙan jirgin sama da na ruwa, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Nisan ɗaya ne, mudun awon ne daban.

3/ Ya ake aunawa? Duniya mulmulalliya ce, ba shimfiɗaɗɗiya irin tabarma ba. Ɗauki ƙwallo, ɗiga alama biyu, ka ja zare tsakaninsu ka ɗame shi tam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. Shi ya sa a taswirar takarda kake ganin layin jirgi ya lanƙwashe kamar baka, alhali shi ne miƙaƙƙen.

4/ Abin daɗin shi ne, mu wannan layin mun san shi tun muna yara, sau biyar a rana. Alƙibla ke nan. Daga ƙasar Kano, Makka na wajen digiri 68 in ka fara ƙirga daga arewa, wato gabas amma da karkata arewa. Duk masallacin da aka daidaita alƙiblarsa a Rano ko Kibiya, kusan hanyar jirgin Jidda yake kallo. In ka bi layin, Chadi za ka ratsa, sai Sudan, sai Bahar Maliya. Ku riƙe sunan Sudan ɗin nan, za mu yi ta dawowa kansa.

5/ Daga Rano zuwa filin jirgin Kano kilomita hamsin da 'yan kai ne a miƙe. Jirgin da ya daidaita a sama yana gudun kusan kilomita 850 a awa, to minti huɗu ya ishe shi. Falke da jakinsa kuwa kwana biyu ne, da zango a tsakani. Awa biyar ɗin da alhaji ke yi daga Kano zuwa Jidda, mai tafiyar ƙasa da ya tashi daga Rano da kyar ya ci rabin hanyar Kano.

6/ Kar a ɗauka mutanen yankinmu ba su san nisa ba. Rano ɗaya ce cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin da aka gada, ita da Kano ne aka ba sarautar baba, wato rini. Turkuɗin Kura da ke maƙwabtaka da mu har Agadas yake kaiwa, Buzaye na naɗa shi. Kayanmu sun saba keta hamada tun kafin a san injin. Mutanen da ke wannan fatauci, su ne ke ɗaura niyyar Makka.

7/ Hanya biyu ce a da. Tsohuwar ita ce ta arewa: Agadas, Fezzan a Libiya ta yau, sannan Alƙahira, inda ake shiga ayarin alhazan Masar. Mansa Musa na Mali ma ta Alƙahira ya bi a 1324. Sarakunan Kanem ma har masauki suka gina wa mutanensu a Alƙahira tun ƙarni na 13, saboda yawan masu wucewa.

8/ Akwai wani malamin ƙasar Katsina, Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi. Ya tafi Hajji, ya yi zama a Hijaz, ya dawo Alƙahira yana karantarwa yana rubutu, a can ya rasu a 1741. Bai sake ganin gida ba. Haka tafiyar take: kana fita, ba ka san ko ƙasarku ce za ta rufe ka ba.

9/ Kai, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa bai samu zuwa Hajji ba. Ya bi malaminsa Malam Jibrila ɗan Umar har Agadas, malamin ya wuce Makka, shi ya juyo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. In mutum kamar Shehu bai samu ba, sai ku auna nauyin kalmar "Alhaji" a wancan zamani. Gari guda sai ka rasa mutum ɗaya mai ita.

10/ Hanya ta biyu ita ce ta gabas, ta talakawa, wadda ba ta buƙatar ayarin raƙuma. Ga zangunanta, ku haddace su: Kano, Borno, bakin kogin Shari inda Njamena take a yau, Abeshe a ƙasar Wadai, Jinaina da Fashir a Darfur, Ubayyid a Kurdufan, Kartum, sai Sawakin a bakin teku. Daga nan a shiga jirgin ruwa, kilomita ɗari uku da ɗoriya, sai Jidda.

11/ Yanzu mu yi lissafi, don nan ne zancen yake. Mai tafiyar ƙasa da kaya, a ce yana cin kilomita 25 a rana. Raba 3,400 da 25, kwana 136 ke nan, wata huɗu da rabi. Ƙara masa kilomita dubu saboda kwane-kwane da kauce wa daji, ya zama wajen wata shida. To me ya sa mutum ke yin shekara biyar, bakwai, wani ma goma?

12/ Guzuri. Ba ƙafa ce ke cin shekarun ba, aljihu ne. Mutum zai fita da ɗan abin da ya tara, kafin ya wuce Borno ya ƙare. Sai ya yada zango, ya karɓi aron gona ya noma damina ɗaya. Mai saƙa ya kafa masaƙa, wanzami ya buɗe zabira, malami ya tara yara, mahauci ya kafa tukuba. In kuɗi sun taru a ƙara gaba. In sun sake ƙarewa a sake zama.

13/ Shi ya sa da yawa ba su tafiya su kaɗai. Da mata da yara ake tashi, don an san gida ne ake ɗauke da shi a ka. Kafin a fita a biya bashi, a bar wasiyya, a zaga dangi neman yafiya. Wannan zagayen sallamar da maniyyata ke yi har gobe, mai tafiyar awa biyar na ta "a yafe ni, a yafe ni", daga can ya samo asali.

14/ Hanyar kuma ba lafiya lau take ba. Ga ƙishirwa tsakanin rijiya da rijiya, ga cuta, ga 'yan fashi, ga masu kamun bayi. An samu yaran da aka tafi da su suka ƙare a hannun masu saye a Hijaz, don Saudiyya ba ta haramta bauta a hukumance ba sai 1962. Wannan ɓangaren ba a cika faɗa ba, amma yana cikin tarihin.

15/ Sai 1903. Sojan Turawa suka taso daga Zariya, suka fasa Bebeji da ke nan kusa da mu, ranar 3 ga Fabrairu suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗaura hijira ya nufi gabas. Jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa, har da mutanen ƙasar Kano.

16/ Turawa suka bi sawu har Burmi, a ƙasar Gombe ta yau. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi da ɗimbin mutanensa a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka ci gaba. 'Yan shekaru bayan haka suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan. Garin na nan har yau, sunansa Maiwurno, ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa.

17/ Daga nan hanyar gabas ta zama babbar hanya. A 1912 jirgin ƙasan Sudan ya iso Ubayyid, to wanda ya kai nan da kuɗi a hannu ya huta da taku. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Su wa za su yi aikin? Ga maniyyata daga yamma, masu neman guzuri, waɗanda suka san auduga tun daga gida.

18/ Haka mutanenmu suka zama ƙashin bayan cirar auduga a Jazira. Wasu suka tara suka ƙetare. Wasu suka je suka dawo, suka tsaya a Sudan neman kuɗin komawa gida, zama ya miƙe. Wasu ko Sawakin ba su kai ba, aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki, ana ta cewa baɗi in Allah Ya so. Mutanen Sudan na kiran su Fallata, a Hijaz kuma Takari.

19/ Eh, "takari" ɗin da kuke ji ana kiran 'yan uwanmu mazauna Saudiyya ba takarda. Kalmar daga Takrur take, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, wadda Larabawa suka ari sunanta suka liƙa wa duk baƙin mutum da ya fito daga yammacin Afirka. Kalma ce da ta girmi fasfo da biza nesa ba kusa ba.

20/ Masu hali kuwa tun a lokacin suna da tasu dabarar. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila har ya gana da Sarki George na biyar, sannan ya wuce Jidda. Ku duba taswira: zagaye ne mai ninka miƙaƙƙiyar hanya sau da yawa. Amma cikin watanni ya je ya dawo. Mai kuɗi ya bi doguwa ya riga mai gajeriya isa.

21/ To ina jirgin sama ya shigo? Ranar 27 ga Oktoba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a Kano, a filin dawakai, don babu filin jirgi. Zamanin Sarkin Kano Usman na biyu ne. A Nuwamban 2025 abin ya cika shekara 100 cif.

22/ Alƙahira zuwa Kano a miƙe kimanin kilomita 3,100 ne, tafiyar awa huɗu da ɗoriya a yau. Su kwana shida suka yi. Me ya sa? Ba su miƙe ba. Jiragen ƙanana ne, masu fukafukin katako da ƙyalle, tankinsu ba ya kai su nesa. Suka gangara ta kogin Nilu zuwa Kartum, suka juyo yamma ta Darfur da Chadi, suna sauka suna shan mai.

23/ Kun gano abin? Hanyar maniyyata ce suka biyo, sai dai su daga gabas suke zuwa. Kuma da dalili. Jirgin wancan zamani na buƙatar abin da matafiyi ke buƙata: gari mai ruwa, mai hukuma, mai wurin kwana, a tazarar da za a iya kaiwa. Zangunan da ƙafa ta zaɓa cikin ɗaruruwan shekaru, su injin ya tarar a shirye.

24/ A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kai a kai tsakanin Kartum da Kano, daga baya a shekarar aka miƙa har Legas. Ga wuraren saukarsa: Ubayyid, Fashir, Jinaina, Abeshe, Fort Lamy wato Njamena, Maiduguri, Kano. Ku koma lamba 10 ku gwada. Ni duk sanda na jera su sai abin ya ba ni mamaki.

25/ Ku hasko shi a ranku: manomi daga ƙasar Rano na taku a dajin Darfur da iyalinsa, shekararsa biyu da barin gida, ga jirgi na wucewa ta kansa ɗauke da wasiƙu da ma'aikatan Turawa, kwana ɗaya ko biyu ya sauka Kano. Hanya ɗaya, zamani ɗaya, amma nisan ba ɗaya ba ne a wurinsu.

26/ Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da wannan layi babban titi. A 1940 Bahar Rum ya zama haɗari ga Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, a tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Darfur, Kartum har Masar. Jirage sama da dubu biyar suka bi ta nan.

27/ Abin da ya buɗe ƙofar shi ne, a Agustan 1940 gwamnan Chadi Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle. Da ya bi gwamnatin da ke biyayya ga Jamus, da an toshe sararin Chadi. Tun a lokacin ke nan, nisa a sama ya dogara da wanda ke mulkin ƙasan da za ka ratsa.

28/ Bayan yaƙi Kano ta zama mahaɗa. Jiragen BOAC na Ingila, KLM na Holan da Sabena na Beljiyam, masu zuwa Kongo da Afirka ta Kudu, sai sun sauka Kano shan mai bayan keta Sahara. London zuwa Kano kusan kilomita 4,450 ne. A filin har mai raƙumi aka ajiye, yana busa kakaki in jirgi zai sauka don mutane da dabbobi su kauce. Hotunansa na nan a intanet.

29/ Amma fa wannan ɗaukaka ƙarancin tanki ne ya kawo ta. Da manyan jirage masu dogon zango suka shigo a shekarun 1960, suka daina buƙatar tsayawa, sai su wuce ta saman Kano abinsu. Kano ba ta matsa ko taku ɗaya ba daga inda take, amma ta tashi daga tsakiyar hanya ta koma gefe.

30/ Mu dawo kan maniyyata. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda, Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma. Da manyan motoci suka fara, ta Borno da Chadi zuwa Sudan. Shekaru suka koma watanni ga mai kuɗin mota. Daga baya suka shiga harkar jirgin sama.

31/ A 1955 Sardauna Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko, daga nan gwamnatin Arewa ta ƙara sa hannu a sha'anin alhazai. A 1975 aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa, lokacin kuɗin fetur na shigowa. Zamanin ne Hajji ta jirgi ya shigo ƙauyuka sosai. Manomi ya sayar da gyaɗa ko shanu ya biya kujera, ya dawo da dabino, zamzam, tazbaha da haƙorin Makka. Hukumar NAHCON ta yanzu a 2006 aka kafa ta.

32/ Saurin ma da nasa kuɗin da aka biya. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Jodan da aka yi haya ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai Legas. Yanayi ya ɓaci a can, aka karkato shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka. Mutum 176 suka rasu cikin 202. A lokacin yana cikin mafi munin hatsarin jirgi da duniya ta taɓa gani.

33/ Ranar 11 ga Yuli 1991 kuma, jirgin da ya ɗauko alhazai zai kai Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan da tashi daga Jidda. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a dajin Wadai da Darfur ba wanda ya rubuta sunansu.

34/ Yanzu ga abin da ya faru a gabanmu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin soja da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazai. Ku tuna lamba 4: layin Jidda ta kan Sudan ya bi. Dole jirage su zagaye, ƙarin sa'o'i, ƙarin mai. Kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci.

35/ Wato 3,400 ɗin nan lamba ce ta takarda. Nisan da jirgi ke ci a zahiri ya danganta da layukan da hukumomin sama suka shata, da iska, da ƙasar da ta buɗe da wadda ta rufe. A Agustan shekarar ma da Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulki, jiragen Turai masu zuwa Najeriya sai da suka yi zagaye.

36/ Su kuma garuruwan da muka jera, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Kartum, ai kuna jin su a labarai, ba da alheri ba. A cikin waɗanda yaƙin ya tarwatsa akwai jikokin maniyyatan nan. Tun a Yulin 2022 ma an yi rikici kan ƙasa a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, mutum sama da ɗari suka mutu. Tushen gardamar shi ne ko Hausawa 'yan ƙasa ne, bayan zaman fiye da shekara ɗari.

37/ In kun ga bidiyon Bahaushen Sudan na magana da wata irin Hausa mai gauraye da Larabci, kar ku yi dariya. Wataƙila kakansa daga Bunkure ya fita, ko Kibiya, ko Tudun Wada, da niyyar ya je ya dawo. A garuruwanmu ba a rasa gidan da ake cewa wane ya yi gabas, shiru har yau. To gabas ɗin nan ita ce.

38/ Mu zo kan lissafin ƙarshe. A 2023 kujerar Hajji na wajen naira miliyan 3. A 2025, ga maniyyacin Arewa, ta haura miliyan 8 da dubu ɗari huɗu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. Raba 8,400,000 da 70,000. Wata 120. Shekara goma, in ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka biya haya ba.

39/ Ga inda shekarun suka shiga. Kakanmu ya fita ba kuɗi, ya yi shekarunsa yana ƙwadago a hanya. Mu muna yin shekarunmu muna ƙwadago a gida, sannan mu yi awa biyar a sama. Shi gonar aro ya noma a Wadai da Jazira, namu manomin shinkafa yake nomawa da ruwan Tiga yana tarawa. Har hukuma ta gane haka, shi ya sa a 2020 aka ƙaddamar da adashin gata na Hajji, a nan Kano.

40/ Ba ina cewa da can ya fi ba, a'a. Wanda ke tarawa a gida yana tare da iyayensa, yaransa na makaranta, in ya rasu danginsa ne za su yi masa sutura. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Amma akwai abin da ya fita hannun talaka: a da ƙafarsa da sana'arsa sun isa su fara kai shi. Yau akwai fasfo, biza, adadin kujerun da Saudiyya ke ware wa kowace ƙasa, ga farashin dala da ba ya jiran kowa.

41/ Nan nake so matasanmu su tsaya su yi tunani. Mai ce maka "awa biyar ne kawai, ka samo kuɗin jirgi, sauran ka bar mini", nisan takarda yake sayar maka. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Ba tanti, ba mota, suna taku a rana. Tafiyar ƙasan da muke ganin ta wuce, ga ta nan a ƙarshen tafiyar jirgi.

42/ Hajji dai an ɗora shi ne a kan wanda ya samu iko. Wanda bai samu ba, ba laifi a kansa, kuma ya tuna lamba 9. Kar gasar hoto da farin kaya ta sa ka sayar da gonar gado, ko ka miƙa fasfo ga wanda ba ka san ofishinsa ba. In da niyya, a bi ta jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, a karɓi rasit, a je bita.

43/ Aikin da zan bar muku: in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, ku zauna da su yau ba gobe ba. Ku tambaya, wa ya fara zuwa Makka a zuriyarmu? Ta ƙasa, ta mota ko ta jirgi? Shekara nawa ya yi? Wa ya tafi bai dawo ba? Ku kunna waya ku naɗa. Masu wannan labarin ƙarewa suke yi, kuma ba a rubuta shi a littafin makaranta ba.

44/ Wanda ya samo wani abu ya ajiye mana a ƙasa, da sunan garinsu, ko da layi biyu ne. 'Yan uwanmu na Sudan da Chadi da ke bibiya, ku ma muna jiran naku, ku faɗa mana garin da kakanni suka ce sun fito. Allah Ya kai mai niyya, Ya dawo da shi lafiya, Ya zaunar da Sudan lafiya.